Kafin ka zuba wa kwamfutarka ruwa: yadda na binciki kayan sanyaya ta a Bauchi

Sana'ata haɗa bidiyon biki da na walima, ɗan shagona yana wajen Wunti a cikin garin Bauchi. Kwamfutar da nake cin abinci da ita ni na harhaɗa ta da hannuna, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, Ryzen 9 5900X ce, wadda AMD ta fitar a ƙarshen 2020. Wajen aiki ba ta da wasa, sai dai akwai ta da zafin jiki. Wanda ya taɓa yin watan Maris da Afrilu a garin nan ya san sauran labarin: ƙarfe biyun rana ƙofar shago ba ta taɓuwa, fankar sama kuwa iskar zafi kawai take juya maka. Bayan ƙaramar Sallar 2024 bukukuwa suka zo mini a jere, kowace amarya tana son nata jiya-jiya. Da na sa bidiyo ya fara fita, ba a minti biyar manhajar HWiNFO za ta nuna mini digiri 90, wato iyakar da aka sa wa wannan furosesa, inda take rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Fankar da ke kanta kuma ta yi ta ihu kamar injin markaɗe. A haka bidiyoyin da nake kallo da dare suka cusa mini sha'awar sanyaya ta da ruwa. Na zauna rubuta wannan ne saboda wahalar da na sha, tambaya uku ko huɗu da sun raba ni da ita.

Ruɗanin farko shi ne abin iri biyu ne, masu sayarwa kuma duk suna ɗaya suke kiran su. Akwai rufaffe, wanda ake ce wa AIO, ya zo da ruwansa a ciki daga kamfani, kai dai ka ɗaura kawai. Akwai kuma wanda yake zuwa gunduwa-gunduwa a kwali: bulok, wato farantin da ke zama a kan furosesa, da famfo, da tanki, da lagireto, da fankoki, da tiyo, da fitin-fitin da ke haɗa su. Ƙarambani ya sa na zaɓi na biyun. Akwai kuma wani kuskure da na shiga da shi, na kuma ga mutane da yawa suna da shi. Na ɗauka ruwan zai sa kwamfutar ta yi sanyi kamar ruwan randa. Ba haka ba ne. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana gumi, iska tana busar da gumin tana tafiya da zafi. Wannan kuwa a toshe yake ruf, aikinsa irin na lagireton mota ne: ruwa ya ɗauko zafi daga furosesa, ya kai shi lagireto, fanka ta hura shi waje. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi da kusan ninki huɗu idan nauyinsu ɗaya ne, shi ne amfaninsa, amma ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin da kake ciki ba. In shagonka yana digiri 38, daga 38 za a fara lissafi.

Abu ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne awo. Na ari tef wajen telan da ke maƙwabtaka da ni na buɗe akwatin kwamfutar. Ana kiran lagireto da girman fankokin da yake ɗauka, 120 ko 240 ko 360, amma tsawonsa na gaskiya ya wuce haka saboda kawunansa biyu. Mai 360 yakan kai kusan milimita 400. Ga kauri kuma: siririn lagireto milimita 30 ne, fanka 25, ka ga 55 ke nan kafin ka sa komai. A saman akwatina hakan zai daki RAM, a gaba kuwa akwai wuri in na cire kejin da ake sa hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta. Na rubuta lambobin a bayan rasidin wani biki na ajiye.

Sai ciniki. Na zagaya shagunan kwamfuta na cikin gari, wasu ma ba su gane abin da nake nema ba, wani ya miƙo mini fankar da ake ɗora laftof a kai. Daga ƙarshe wani abokin sana'a ya haɗa ni da wani mai sayar da kayan tokumbo a Legas, muka koma WhatsApp. Hotuna ya turo masu kyau, kwali ɗaya da komai a ciki, ya ce wani ne ya shigo da shi daga waje bai daɗe yana amfani da shi ba. Lokacin dala tana ta hawa da sauka, farashin safe daban na yamma daban, muka daidaita a kan naira 210,000. Na tambaye shi ko bulok ɗin yana da ƙafafun ɗauri na AM4, domin soket ɗin furosesata ke nan, wato mazaunin da take shiga, na Intel ba za su hau ba; ya ɗauko su ya yi mini bidiyo. Na tambayi famfon, ya ce D5 ne. Na tambayi girman lagireto, ya ce 240. Na ji kaina ƙwararre. Ban tambaye shi da wane ƙarfe aka yi lagireton ba, kuma a nan aka yi cinikin biri a sama. Na tura kuɗi, na ajiye hoton shaidar tiransifa, shi kuma ya turo mini hoton rasidin tasha da lambar direba.

An ce kwana biyu, ya zama biyar. Direban in ka kira sau huɗu ya ɗauka sau ɗaya, yau yana Lokoja, gobe mota ta sami matsala kafin Jos. Ranar da aka ce kaya sun iso na bar shago da ɗan yayata na hau Keke Napep zuwa tasha tun ƙarfe goma. Mai ajiyar kaya ya tafi karyawa, da ya dawo aka ce makullin sito yana wajen wani, wanin kuma sai bayan azahar. Da aka buɗe sai ya nemi lambar rasidi da katin shaida, ya ce in kira lambar da ke jikin kwalin ya ga wayata ta yi ƙara a gabansa, sannan na sa hannu a wani littafi duk ya sha maiƙo. Na biya 6,000 kuɗin ɗauko kaya, da 500 da ya kira kuɗin sito. Kwalin ya lotsa ta gefe ɗaya, da alama buhu aka ɗora masa. Kafin in ɗaga shi na ɗauki hotonsa a wurin, a gida ma ban yanke salatif ba sai da na kunna kyamara. Wannan ɗabi'a ce ta sana'a, ta kuwa yi mini rana daga baya.

Da dare na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera kayan ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta leƙo ta ga tiyo da tanki, ta ce, "Maigida, kai da kake hana yara wucewa da kofi kusa da kwamfuta, yau kai ne za ka yi mata famfo a ciki?" Ban da amsa, sai na ce ta taimaka ta haska mini tocila. Da bulok na fara. Ƙasansa fari ne yana ƙyalli, amma yana da nauyi a hannu, jan ƙarfe ne aka shafe shi da nikel. Na ɗora bakin reza a kansa na duba ta hasken tocila ko ya lanƙwashe, babu wani rami ko ƙarzuwa mai zurfi. Samansa roba ce mai kama da gilashi, irin wadda ake gani ta ciki, sai na bi bakin ramukan fitin da ido ina neman tsaga, domin a nan take fara fashewa in an ɗaure da ƙarfi. Da na kwance kusoshin na buɗe shi, na ga abin da hoto ba ya nunawa. A ciki akwai wasu layuka sirara ƙwarai kamar haƙoran mataji, ta cikinsu ruwa yake bi ya kwashi zafi, kuma kusan rabinsu sun toshe da wani abu fari-fari mai yauƙi. Na wanke da tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu mai ɗumi. Na so in matsa lemon tsami, Allah ya sa na tuna cewa tsami yana cin nikel. Jan ƙarfe tsirara ne ake yi wa haka. Ban kawo komai a raina game da farin abin nan ba, na ɗauka dattin tsohon ruwa ne.

Washegari na ɗauki lagireton zuwa wajen makanikai a hanyar Jos, niyyata kawai a gwada mini ko yana yoyo, tunda kwalin ya lotsa. Akwai wani dattijo da ya shekara yana like lagireton motoci, yana zaune a kan tsohuwar taya, gabansa rabin duro cike da baƙin ruwa. Na gaishe shi na miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗaga shi sama da ƙasa a tafin hannu kamar mai auna kaza, ya ce, "Samari, na wace mota ce wannan?" Na ce, "Baba, na kwamfuta ne." Ya yi dariya har yaransa suka taso kallo. Ya toshe rami ɗaya da roba, ya hura iska kaɗan ta ɗayan, ya nutsa shi a duron. Muka zuba ido, babu kumfa ko ɗaya. Har na fara murna sai ya sake auna shi a hannu, ya zaro 'yar wuƙa ya kankare baƙin fentin da ke gefen rami ɗaya, wuri kamar ƙwayar shinkafa. Fari fat ya fito. Ya ce, "Wannan ai alminiyum ne. Da kofa ne ja za ka gani, da biras ne rawaya-rawaya. Kuma da ka ji shi a hannu." Gaskiyarsa, jan ƙarfe, wato kofa, ya ninka alminiyum nauyi fiye da sau uku, 8.96 ne da 2.7 in aka auna curi masu girma ɗaya. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, don duk biyun ba ya kama su.

Gabana ya faɗi, saboda wannan kam na karanta shi tun kafin in sayi kayan. In jan ƙarfe da alminiyum suka haɗu a ruwa ɗaya, sai su zama kamar batir, alminiyum ɗin ya riƙa cinyewa a hankali, garinsa yana bin ruwa yana taruwa a inda ya fi ƙunci. Nan take na gane mene ne farin abin da na wanke daren jiya. Da na yi wa Baba bayani bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce su ma a mota suna ganin haka, shi ya sa ake zuba koren ruwan nan maimakon ruwan rijiya, amma mutanenmu ba sa ji sai injin ya tafasa a hanya. Na ba shi 1,000, ya mayar mini da 500, ya ce sauran ladan dariyar da na ba shi ne.

Na kira mai kayan tun ina bakin titi. Bai musa ba. Ya ce bai taɓa ce mini jan ƙarfe ba ne, na koma na karanta hirarmu daga sama har ƙasa, wallahi bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya kuma kawo hujjar da ta sa na yi shiru na ɗan lokaci: yawancin AIO da ake sayarwa farantinsu jan ƙarfe ne, lagiretonsu alminiyum, kuma suna shekaru suna aiki. Wannan gaskiya ne. Bambancin shi ne su a rufe suke, da ruwa mai sinadarin hana cin ƙarfe wanda kamfani ya auna, babu mai buɗewa ya ƙara wani abu. Nawa kuwa ni zan riƙa canza ruwan, a garin da samun ruwan kirki ma aiki ne. Ko kamfanin EK na ƙasar Sulobeniya, da ya fitar da kaya na alminiyum zalla, gargaɗi ya yi cewa kada a gauraya su da na jan ƙarfe. Abin da ya bayyana shi ne kwalin nan ba daga kamfani ɗaya ya fito ba, tsince-tsince ne aka haɗa. Bidiyon buɗe kwali da hoton bulok ɗin a toshe su suka taimake ni. Bayan kwana biyu ana ja-in-ja ya mayar mini da 15,000, ya ce in riƙe lagireton. Na karɓa, don kuɗin mayar da shi Legas da jiran wani ya fi ƙarfin haƙurina.

Wani abokina da ke Abuja shi ya samo mini lagireton jan ƙarfe mai 360 a kan 75,000. Wannan karon na sa ya karanta mini abin da ke jikin kwalin kalma-kalma, ya kuma leƙa cikin ramin da tocilar waya ya turo mini hoto. Na zaɓi 360 ne da gangan. Masu harkar suna da wani ƙiyasi, milimita 120 na lagireto ga kowane wat 100 na zafi, furosesata kuma takan ja har wat 142, ka ga 240 ya isa a lissafi. Amma masu wannan lissafin a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai suke zaune. Na kuma ce ya nemo mai faffaɗan haƙora, ba mai matsattsu ba, saboda ƙurar hunturu. Matsattsen yana buƙatar fanka mai ƙarfi, kuma wata ɗaya ya ishe shi ya toshe a Bauchi. Na haɗa da fanka ɗaya, da ƙaramar kwalbar sinadarin da ake zuba wa ruwan, da 'yar na'urar auna zafin ruwa da ake ɗaurawa a ramin fitin, da bawul na zubar da ruwa, wanda babu shi sam a kwalin farko. Duka suka tashi 38,000 a kan kuɗin lagireton. Kwana uku suka yi a hanya, tasha dai irin ta farko.

Kwanakin jiran nan na yi amfani da su wajen gwada sauran kayan. Famfon D5 ne da gaske, mai ɗan jan maɓalli a baya daga 1 zuwa 5. Na buɗe shi na ga abin da ke juyawa yana zaune a kan 'yar ƙwallon tangaran, ba ta karce ba. Wannan ƙwallon ruwa ne man ta, saboda haka kada ka kuskura ka kunna famfo a bushe don ka ji ko yana aiki, ko na daƙiƙu ne. Ɗan yayata ya kusa yi mini haka, sai da na daka masa tsawa. A takarda D5 yana tura har lita 1,500 a awa, yana ɗaga ruwa kusan mita 4. Ni dai na cika tanki, na sa bakin tiyo a bokitin fenti, muna ƙara ruwa ta sama yana fita ta ƙasa da ƙarfi, babu ƙara, babu kakarewa. Tiyon kuwa zubar da shi na yi, ya yi hazo ta ciki ya kuma ƙandare. Wajen sayen sabo ne na koyi cewa lamba biyu ake dubawa, faɗin ciki da na waje. Ramukan kayan kusan duk tiredi ɗaya ne, G1/4, amma fitin ɗin da aka yi wa tiyo 10/16 ba zai kama 10/13 ba, ko da ya shiga. Nawa 10/16 ne. Na bar maganar tiyo mai tauri irin na ado, musamman na PETG, domin yana laushi in ruwa ya yi zafi, mu kuwa zafi ne jarinmu. Zoben robar kowane fitin na cire shi na ja shi a hankali a gaban haske. Biyu sun tsattsage, na musanya su da na ko-ta-kwana da ke cikin kwalin.

Ruwa ya ba ni wahalar da ban zata ba. Ruwan da ake so shi ne tatacce, wanda aka tafasa aka tari tururinsa, babu gishirin ƙasa a ciki. Fiya wata bai yi ba, na rijiyar burtsatse bai yi ba, wanda ke ɗiga daga AC ma bai yi ba. Aka ce in je wajen masu cajin batir. Na je na ce ruwan batir nake so, yaron ya tambaye ni, "Mai asid ko marar asid?" Ka ga da ban san bambanci ba da na zuba wa kwamfuta asid. Na sayi marar asid a wata gora marar tambari, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ɗiga kaɗan a kan madubi na bar shi a rana, da ya bushe sai ga farin zobe ya fito. Wani da ke aiki a gidan fiya wata ya ara mini 'yar na'urar TDS, mai auna gishirin da ya narke a ruwa, irin mai kama da biro, ta nuna lamba sama da ɗari, alhali tataccen ruwa kusa da sifili yake tsayawa. A ƙarshe a shagon masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu na samu na gaske, lita 4 a 4,000, na gwada a gabansu kafin in biya. Da shi na wanke sabon lagireton, domin sabo ma yakan zo da ragowar dattin walda a ciki: na zuba ruwa mai ɗumi, na toshe, na girgiza, na juye a farin kwano. Sai a karo na biyar baƙin gari ya daina fita. Sinadarin kuma na gauraya shi yadda aka rubuta a kwalbar, kashi 1 cikin ruwa kashi 9.

Ranar haɗawa na rufe shago na ce ba na nan. Tsarin bin ruwa bai da wani sirri, sharaɗi ɗaya ne, tanki ya kasance sama da famfo yana ba shi ruwa kai tsaye. Fitin duk da hannu na ɗaure su, ban kusanto da sifana ba. Zoben roba ne ke hana yoyo, ba ƙarfin damtse ba. Sai gwajin yoyo, wanda shi ne wurin da ba a gaggawa. Na zare duk wayoyin wuta daga madabod da katin hoto da hadis, na bar famfo kaɗai a jikin fawa, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta. Don fawar ta tashi ba tare da madabod ba, ana haɗa fil na 16 da na "ground" a babbar wayar nan mai fil 24, wato koriyar waya da baƙa; wayoyina duk baƙaƙe ne, sai na yi amfani da ɗan toshen da ya zo a kwalin maimakon in yi canki-canka. Na naɗa tishu a ƙarƙashin kowane fitin, na shimfiɗa wani a kan katin hoto. Na cika tanki da mazurari, in kunna, ruwa ya yi ƙasa in kashe kafin ya ƙare, in ƙara, har ya zagayo. Sannan muka riƙa karkata akwatin gaba da baya don iska ta fita, kana jin ta tana ƙulu-ƙulu a cikin lagireto.

Awa uku da farawa ina sallar la'asar, ina sallamewa ɗan yayata ya ce, "Kawu, wannan tishun ya canza kala." Na duba. A ƙarƙashin fitin mai lanƙwasa da ke fita daga bulok, daidai saman katin hoto, tishun ya jiƙe wuri kamar girman kwabo. Ba ɗiga yake ba, tsattsafowa yake ta wurin da fitin ɗin ke juyawa, inda ba a iya canza zobe. Da kwamfutar a kunne take, a kan katin da ya fi duk kayan nan tsada zai sauka. Bawul ɗin da na saya ya biya kuɗinsa a ranar, na zubar da ruwan cikin minti biyar ba tare da na kwance komai ba, na cire fitin ɗin na sa miƙaƙƙe, na ƙara wa tiyon tsawo. Muka koma farko. An saba barin sa awa 24. Da magariba aka ɗauke wuta, na mayar da shi kan inbata, tunda famfon bai wuce wat ashirin da 'yan kai ba. A shago na kwana, ina farkawa ina haska tishu. Washegari da yamma duk a bushe.

Na mayar da wayoyi na kunna da bismillah. Da zafin shago yana 36, na sa Cinebench, manhajar da ke gwada ƙarfin furosesa, ya yi minti talatin, sannan na fitar da bidiyon wani kamu mai tsawon awa ɗaya. Furosesar ta tsaya tsakanin 75 da 78, ruwan yana 44, nesa da 60 da aka ce kada famfon D5 ya wuce. Ba ta ƙara rage gudu ba, ihun fanka ya tafi, har ina jin sallamar kwastoma daga bakin ƙofa. Da hunturu ya shigo kuwa da safe ba ta kai 65. Wanda ya sa ran ganin 40 yana aiki zai ji haushi. Irin wannan furosesa wurin da zafin ke fita ƙarami ne ƙwarai, ko kogin Gongola ka juyo mata ba za ta yi sanyin da kake zato ba.

In ka haɗa lissafi na kashe sama da 320,000 da kusan sati uku. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Rabi da rabi. Abokin sana'ar da ya haɗa ni da mai kayan daga baya ya ɗora wa irin furosesata babbar fankar iska, Peerless Assassin ta Thermalright, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nawa ba, kuma tazarar da ke tsakaninmu 'yan digiri ne. Wanda aiki kawai yake so ya fara da wannan, ya busa ƙura, ya canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka, sannan ya ga ko har yanzu yana buƙatar ruwa. Wanda kuma ya nace, to kada ya ɗauki kwalin a matsayin abu ɗaya. Ya tambayi ƙarfen kowane abin da ruwa zai taɓa, a rubuce, kafin ya tura ko sisi. Ya tambayi soket, da lambobin tiyo biyu, da ko akwai bawul na zubarwa. In tokumbo ne ya buɗe bulok ya ga cikinsa da idonsa, ya kai lagireto wajen masu gyaran na mota, sun fi mu sanin ƙarfe. Kuma ya sani ɗawainiya ya ɗauko: ana canza ruwan duk wata shida zuwa shekara, ni kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk sati biyu nake cire rariyar gaba in wanke, in busa lagireto, in ba haka ba ina kallo zafin ruwan zai riƙa hawa.

Na canza ruwan karo na farko bayan wata takwas, na sake buɗe bulok ɗin don in ga ko farin abin nan ya dawo. Haƙoran tas suke. Lagireton alminiyum ɗin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar shago, da ɗan tabon wuƙar Baba a gefensa. Wani ɗan gwangwan ya taya shi 1,500, ɗan yayata ya ce kada in sayar, wai zai haɗa shi da famfon akwatin kifi ya sanyaya ɗakinsa. Na sake yi masa bayanin randa, bai yarda ba tukuna.